Baturen da Aka Yanka wa Akuyar Bankwana

Kun taɓa ganin mutumin da aka yanka wa akuya, aka kira masu kiɗa, aka yi masa addu'ar sauka lafiya, alhali ko tikiti bai saya ba kuma ko a mafarki bai yi niyyar zuwa ko'ina ba? To ku tsaya ku ji labarin Don Mervin, don duk wanda ya taɓa bi ta layin bayan coci a garinmu na bakin tafkin Chapala ya san shi, dogo ne zangalangal, ja jawur kamar an tsoma shi a tafasasshen ruwa an ciro, kullum gajeren wando, kullum buɗaɗɗen takalmi da farar safa a ciki, safa fa, a wannan zafin rana na Mekziko.

Sunansa Mervin Halverson, mutumin Kanada ne, kuma a can ba kowa ba ne. Direban motar share dusar ƙanƙara ne a wani ƙaramin gari, ya tashi ya share titi, ƙanƙara ta sake zuba ya sake sharewa, haka ya yi ta yi har gashinsa ya yi fari suka ba shi fansho. A can ko karen maƙwabcinsa bai san sunansa ba. Amma da ya sauka nan da 'yar fanshonsa sai ga shi ya zama Don, ana ce masa Don Mervin sannu, Don Mervin ga kujera, shi kuwa sai ya ɗauka wani abu ne a jikinsa ake gani, bai san haka muke ce wa kowane mai furfura ba har da mai tallan gyaɗa.

Da matarsa ya zo, Arlene, ita kam mutuniyar kirki ce, ta koyi yarenmu har tana yin ciniki a kasuwa tana zolayar masu kifi, ana haihuwa tana nan, ana rasuwa tana nan. Shi kuwa shekara da shekaru abin da ya iya bai wuce giya ɗaya, nawa ne, da ya yi tsada ba. Su ne suka kama hayar gidan Doña Otilia, gidan nan mai shuɗiyar ƙofa wanda in ka hau bene kana ganin tafki gaba ɗaya har duwatsun ƙetare. Mijin Doña Otilia ne ya gina shi da kuɗin tsinkar inabi a Amurka kafin ya rasu, ita kuma ta koma ɗakin bayan shagonta ta bar musu. Ba takarda ba komai, baki da baki aka yi. Da Arlene ta rasu aka ƙona gawarta yadda suke yi, Mervin ya binne tokar a gindin lemun tsamin da ta shuka a tsakar gida, kuma tun daga ranar Doña Otilia ba ta ƙara masa ko peso ɗaya a haya ba, duk da gidajen layin sun yi tashin da ba a magana. Ta ce ba za ta matsa wa mutumin da matarsa ke kwance a tsakar gidanta ba. Shi bai taɓa lura ba. Shi a ganinsa taimaka mata yake yi.

Gidan nan shi ne duk abin da yake da shi a duniya, ku riƙe wannan. Ba shi da ɗa, gidansa na Kanada ya sayar tuntuni, kullum da safe sai ya ɗebi ruwa a tsohuwar buta ya zuba wa lemun nan yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, wannan kaɗai ne abin da na san ana yaba masa da shi.

Daga gindin lemu kuma sai teburi. Akwai wani teburi a shagon kofi na dandali inda tsofaffin Turawa suke haɗuwa kowace safiya, kofi ɗaya su riƙe shi har rana ta take, aikinsu ɗaya ne, tafiya. Ba tafiyar ƙafa ba, tafiyar baki. An harba rokokin biki sun tashe su daga barci, za su koma Ekwado. An haƙa titi, za su koma Kosta Rika. Ƙwai ya yi tsada, za su koma Fotugal. Kare ya yi haushi a kan rufi, za su koma Tailan. Ba wanda ya taɓa motsawa, in ka ga kujerar ɗayansu ba kowa to asibiti ne ko mutuwa. Manyan teburin su uku ne, shi Mervin, sai Duane wani ƙato ɗan Texas da ya yi sana'ar sayar da tsofaffin motoci har yanzu bakinsa bai daina ba, sai Peggy mai ƙananan karnuka da take sa wa riga.

To sai aka ƙara kuɗin takardar zama. Shi Mervin da ya yi abin da ya kamata tun farko da tuni ya samu takardar dindindin ya wuce wannan wahala, amma a'a, shekaru ya yi yana zaune kamar ɗan yawon buɗe ido, in lokacinsa ya kusa ƙarewa ya hau mota ya leƙa bakin iyaka ya dawo, yana yi wa masu bin layi dariya. Sai da aka tsananta ya je ya fara daga farko, takardar da ake sabuntawa ana biya. Ranar da labarin ƙarin ya iso teburin nan kai ka ce an yi musu rasuwa.

"Kun gani? Kun ga abin da suka yi mana?" Duane ke nan yana kaɗa wayarsa a sama. "Fashi ne da rana tsaka! Ni na sayar da mota, na san ɓarawo in na gan shi."

"A madubi kake ganinsa," in ji Peggy. "Ni dai an ce mini Panama har rangwame suke yi wa tsofaffi."

"Ke ina kika san Panama? Nuna mini ita a taswira in ba ki motata."

"Motarka da ba ta tashi sai an tura?"

Mervin ya buga teburi har kofi ya fantsama a rigar karen Peggy. "Ku saurara! Ni ba ɗan ci-rani ba ne da za a riƙa tatsa ta. Ban tsallako katanga ba, ban zo neman aiki ba, kuɗi na kawo musu. In muka tashi daga garin nan wa zai sayi kofinsu? Wa zai kama gidajensu? Sati guda ba za su yi ba sai sun biyo mu da kuka."

"Faɗa musu dattijo!" in ji Duane.

Ƙarin nan fa in ka raba shi a kwanakin shekara bai kai giyar da yake sha da yamma ba. Amma ba kuɗin ne ya dame shi ba, abin da ya ƙona masa rai shi ne a ce shi, Don Mervin, an sa shi layi ɗaya da kowane baƙo an ce biya ko ka fita.

Duane ne ya kitsa masa dabarar. Ya matso da kujera ya rage murya kamar mai sayar da mota mara birki. "Ka ga tsohuwar nan mai gidanka, kai ne abincinta. Je ka ce mata ka tashi, Panama za ka. Na rantse sai ta rikice. Sai ta ce don Allah zauna, sai ka ce to a rage haya, ka ga abin da gwamnatinsu ta ƙara maka ka cire shi daga jikinta. Mai saye da ya juya baya shi ake bi da gudu, ni na sani."

Mervin ya yi murmushi har kunne. Ko kaɗan bai tuna da wani abu da yake gani da idonsa kullum ba. Ɗan Doña Otilia, Fermín, ya dawo gida. Shekaru masu yawa ya yi a Nebraska ta Amurka yana aikin rufin gidaje, aka kama shi ba takarda aka dawo da shi da kayan jikinsa, daga baya matarsa Griselda ta tattaro yaran ta biyo shi. Duk suna cunkushe a ɗakin bayan shago tare da tsohuwa, yara suna kwana a kan buhunan masara. Duk layin an san Doña Otilia tana bukatar gidanta, kuma duk layin an san ba za ta taɓa buɗe baki ta ce wa mijin Arlene ya tashi ba. Mervin kuwa abin da ya sani game da Fermín shi ne yana jin Turanci kuma ya gyara masa indararo da araha. Har ya ce masa kai Turancinka da kyau, a ina ka koya, bai ma tsaya jin amsa ba.

Da hantsi ya je shagon, lokacin da mata suka cika suna sayen tortilla, wainar masararmu, don yana son a ji. Doña Otilia tana jin Turanci tsaf, ta yi shekaru tana wanke-wanke a gidajen Turawa, ba zancen rashin fahimta a nan.

"Doña Otilia, na zo in sanar da ke. Na tashi. Ƙarshen wata zan bar ƙasar nan, Panama za ni, inda aka san darajar mutane."

Ta ajiye abin da ke hannunta ta goge hannu a gaban riga ta dube shi. "Don Mervin, da gaske kake, ko zancen teburinku ne?"

Kun ji fa, ta buɗe masa ƙofa. Da ya yi dariya ya ce zancen teburi ne da shi ke nan. Sai ya ƙara miƙewa. "Ni na yi miki kama da mai wasa? Na gama magana."

"To lemun Doña Arlene fa?"

Maganar ta taɓa shi sosai, amma matan nan duk sun zuba masa ido, ga shi ya riga ya yi nisa. Ya ce, "Itace ne dai. A Panama ma akwai itace."

Doña Otilia ta gyaɗa kai. "Allah ya kai ka lafiya. Ba za ka tafi haka kamar kare ba, mijin Arlene ne kai. Lahadi mai zuwa za mu yi maka bankwana."

Da sauri-sauri ya koma teburi yana haki. "Ta kamu! Biki za su yi mini! A nan za su roƙe ni, a gaban kowa. Zan bari sai sun yi kuka tukuna, sannan in tashi in ce to saboda ku na fasa, amma da sharaɗi."

"Ɗalibina ke nan," in ji Duane. "Za a yi nama?"

Ga abin da wawan bai sani ba, wanda ko yaron goye a garinmu ya sani. Ba gidan da bai taɓa raka wani zuwa Arewa ba, wato Amurka, uba ko ɗa ko miji, tun zamanin kakanni. Kuma a garinmu ba a ce wa matafiyi kada ka tafi. Ba a faɗa. Wanda ya riga ya furta a gaban mutane cewa zai tafi, in ka roƙe shi ya zauna ka nauyaya masa ƙafa, in wani abu ya same shi a hanya kai ne. Uwa za ta haɗiye kukanta ta dafa masa abinci ta cika masa ciki ta zana masa gicciye a goshi ta ce je ka, sai motar ta ɓace sannan ta faɗi ƙasa. Arlene ta san wannan, ta je bankwana ba adadi. Mervin bai taɓa zuwa ko ɗaya ba, in ana yi rufe taga yake yi yana zagin masu harba roka.

Ranar Lahadi bayan an fito coci layin gaba ɗaya ya juye a tsakar gidansa. Mahauci ya ba da akuya, mata suka kwana biyu suna shiri aka yi birria, farfesun akuya, tukunya guda ƙatuwa, ƙamshin naman da barkono har bakin titi, aka kawo masu busa da ganga, aka jera kujeru har gindin lemu, roka tana tashi fau fau. Aka zaunar da Mervin a tsakiya, ya sa riga mai dogon hannu, safar nan dai tana nan. Duane da Peggy suka samu wuri kusa da tukunya.

Ya zauna yana jira a fara roƙo.

Mai gyaran takalmi ya zo ya rungume shi ya ba shi malafa, ya ce an ce ranar can da zafi. Mai sayar da kifi ta ba shi kwalbar yaji, ta ce can ba su iya yaji ba. Wata tsohuwa da bai ma san sunanta ba ta saƙa masa ƙaramin bargo. Kowa ya zo sai Allah ya kiyaye hanya, Allah ya sa a sauka lafiya, ka gaishe da mutanen Panama. Ya karɓa ya karɓa har kaya suka taru a cinyarsa, ba wanda ya ce zauna. Ya jawo Fermín gefe ya ce ya fassara masa, ya juya ga wani dattijo Don Anselmo da ke kusa yana tsotsar ƙashi.

"Ka san dai, ba wai an rufe magana gaba ɗaya ba. In da za a matsa mini sosai..."

Don Anselmo ya zare ƙashin daga baki. "Haba Don Mervin, wa zai matsa maka? Ka ɗauke mu marasa tarbiyya ne? Namiji ya yanke magana, namu addu'a. Ci nama."

Sai ya ga ba mafita sai jawabi, ya ce in suka ji abin da za su rasa hankalinsu zai dawo. Ya miƙe ya ɗaga hannu masu busa suka tsaya. Ya ce shi da ire-irensa su ne suka riƙe garin nan. Ya ce gwamnatin da ke tatsar baƙin kirki za ta yi nadama. Ya ce in suka tafi garin zai ji a jikinsa. Fermín yana tsaye a gefensa yana fassarawa kalma bayan kalma bai rage komai ba, fuskarsa kamar dutse, mutumin da aka koro daga ƙasar da ya yi wa rufi yana faɗa wa danginsa da bakinsa cewa wannan mai safar shi ne ya riƙe su. Da ya gama aka tafa masa, tafi mai ladabi, wata mata ta ce Allah sarki ya iya magana, aka ci gaba da cin nama.

Sannan Doña Otilia ta taso. Ta ce ya sunkuyo don ya fi ta tsawo nesa, ya sunkuya, ya ce a ransa yawwa ga shi nan, yanzu za ta fashe da kuka. Ta ɗaga babban yatsa ta zana masa gicciye a goshi kamar yadda ta yi wa mijinta, kamar yadda ta yi wa Fermín. Ta ce, "Ba ka da uwa a nan, ni na tsaya maka. Je ka, Allah ya tsare gabanka da bayanka." Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kuma kada ka tafi da damuwar gida a ranka. Ba zai zauna kango ba. Fermín da Griselda da yara za su shigo, lemun Doña Arlene kuwa ba zai kwana da ƙishi ba ko rana ɗaya, na yi maka alkawari."

Wayyo, yaran nan da suka ji! Suka yi tsalle suka ruga bene suna ihu, wannan ɗakina ne, a'a nawa ne, ni ne mai taga. Griselda ta rufe fuska da gyale tana kuka. Masu busa suka saki kiɗa, roka ta tashi.

Mervin yana tsaye da malafa a hannu ɗaya kwalbar yaji a ɗaya. Har a lokacin da sauran dama fa. Abin da ya rage masa kawai ya ce jama'a ku yi haƙuri, ƙarya nake yi, ba inda za ni, cika baki ne, matata tana gindin itacen nan ba zan iya barin ta ba. Da ya faɗi haka da an yi masa dariya ta shekara guda, amma Doña Otilia ba za ta fitar da shi ba, kowa ya san haka. Ya buɗe baki. Ya dubi lemun. Sai ya dubi wajen tukunya, ga Duane da maiƙo har haɓa yana ɗaga masa babban yatsa, ga Peggy ta zuba masa ido tana jira ta ga abin da za ta kai teburi gobe. A ce shi Don Mervin ya durƙusa wa mai shago a gaban 'yan teburi?

Ya ce, "Panama ta fi nan sau goma."

Fermín ya fassara.

Washegari ya bari sai da shago ya yi sauƙi ya lallaɓa ta ƙofar baya, ba malafa ba ɗaga kai. Ya tarar da Doña Otilia tana tsince wake, Fermín yana ɗaure katifu da igiya.

"Doña, na kwana ina tunani. Wataƙila in ɗan jinkirta. Wataƙila ma in fasa."

Ba ta ɗago ba. "An ci akuya, Don Mervin."

"Zan biya kuɗin akuyar. Zan ma ƙara haya, faɗi abin da kike so."

Kun ji mutumin da ya fito neman ragi.

Ta ajiye tiren waken. "Na tambaye ka a gaban mata, ka ce ka gama magana. Na tambaye ka lemu, ka ce itace ne. Kai ka yi magana a gaban mutane, ni ma na yi tawa a gaban mutane, kuma tawa jikokina na yi wa. Jiya ƙaramar ko barci ba ta yi ba, tana tambaya ko gari ya waye a koma gidan bene. Kai za ka je ka faɗa mata wasa ne?"

Ya juya ga Fermín kamar zai samu sauƙi a can. "Kai ka zauna a waje, ka san yadda abin yake. Ka san zafin a ce mutum ya bar inda ya saba."

Fermín ya ja igiyar ya ƙulle sannan ya dube shi. "Na sani, Don. Ni daga kan rufi aka sauko da ni, gudumata tana can a sama har yau. Ba wanda ya yanka mini ko kaza." Ya ɗaga katifar ya saɓa a kafaɗa. "In kana son a taya ka kwashe kaya ka yi magana, ina da amalanke."

Har yau ana gardama a layinmu, wasu sun ce Doña Otilia ta san ƙarya yake yi tun ranar farko, wasu sun ce da zuciya ɗaya ta yi. Ita dai in an tambaye ta sai ta ce mutum ya ce zai tafi, ta yi masa abin da ake yi wa mai tafiya.

Ya je wa Duane, mai gida da ɗakin baƙi da ba kowa a ciki. Duane ya sosa wuya ya ce kai dattijo ka san ciwon bayana, ina bukatar ɗakin don motsa jiki, kuma ni ban ce ka yi jawabi ba, kai ka zaƙe. Ya je wa Peggy, ta ce karnukanta ba sa son namiji. Ya zaga gari neman haya, nan ne ya fara jin abin da gida yake kai wa a garin nan, ya riƙa cewa ya yi tsada, ya yi tsada, kalmar da ya iya ke nan dama, masu gida suna ɗaga kafaɗa. Daga ƙarshe ya samu ɗaki ɗaya a saman shagon mai facin taya a bakin babban titi, tagarsa tana kallon bangon gidan mai, manyan motoci suna girgiza masa gado, kuma hayar ta fi ta gidan bene. Fermín ne ya kai masa kaya a amalanke.

Panama kuwa ko hanyar filin jirgi bai bi ba. An gan shi a layin ofishin baƙi a zaune shiru da malafar nan ta bankwana ya ja ta har hanci, ya biya kuɗin takardar nan cif, har da na gode.

Yanzu in ya bi ta dandali mutane sai su ɗaga masa hannu, a'a Don Mervin, an dawo? Ya hanya? Ya mutanen Panama, ka kai musu yajin? Shi kuma sai ya yi kamar bai ji ba, yaren da ya yi shekaru bai iya ba wannan kam yana ganewa. Ranar Lahadi da yamma yana zuwa layin bayan coci ya tsaya daga tsallaken titi, inda ake hango kan lemun ta saman katanga. Fermín ya ɗaura wa yara lilo a kusa da shi, ana jin ihunsu. Griselda in ta gan shi takan fito ta ce ya shigo mana, wani lokaci ya shiga ya zauna a bakin kujera kamar baƙo, ya tarar an riga an ba itacen ruwa, butar nan tasa ma tana hannun ƙaramar yarinyar. Ta cika masa leda da lemu ya tafi.

To kuna tsammani ya yi hankali? Shekaranjiya yana teburi, kofi ɗaya, Duane a dama Peggy a hagu, an ce za a ƙara kuɗin ruwa. Ya buga teburi ya ce shi kam ya gaji, wata mai zuwa Fotugal. Mai shagon yana goge kofi ya ce Don Mervin in sa a nemi akuya? Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da juya kofinsa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa wani, musamman in kun san mai irin wannan bakin a unguwarku, ku tura masa tun bai je shagon mai gidansa ba.